Yadda Na Watsa wa Kifi Taki

Ko da zan manta da komai na zamana a Jidda, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya tona mini asiri a saman bene, da rana tsaka, a gaban abokan aikina kaf, alhali ba wanda ya tambaye ni komai. An kwana biyu da yin abin, amma har yanzu in ya faɗo mini a rai ina cin abinci sai in janye hannu daga kwano. Na sha ba da labarin a majalisa, sai dai a gutsure nake bayarwa, ina tsallake inda bai yi mini daɗi ba. Yau zan faɗe shi duka.

Ni ɗan manomi ne, jikan manomi. A ƙauyenmu na kudancin Katsina masara muke nomawa, kuma tun ina ɗan ƙanƙani nake bin mahaifina da ƙwaryar taki. Na zo ƙasar nan aiki a wani kamfanin gine-gine, kamfanin ya durƙushe, na koma buga-buga a unguwar Hindawiyya, yau dako gobe wankin mota, iƙamata, wato takardar izinin zama, na gab da mutuwa. Wanda ya tsamo ni shi ne Baba Idi, wani dattijo mutumin Damagaram da muke salla a masallaci ɗaya. Shi ne shugaban masu kula da lambu a wani rukunin gidaje mai katanga, can gaba da unguwar Safa. Ya kama hannuna ya kai ni ofis, ya tsaya mini, aka mayar da ni ƙarƙashin kafilinsu, wato uban gidan da takardar zamanka take hannunsa. Ni da shi ba mu haɗa komai ba sai sahun salla.

A tsakiyar gidajen akwai wani tafki na haƙawa, su suna ce masa birka. Ciyawa ce ta kewaye shi, tana gangarowa a hankali har bakin ruwa, sai itatuwan dabino daga sama. A ciki akwai karfasa da wasu jajayen kifaye na ado, waɗansu sun kai tsawon hannu. Shekara goma sha tara Baba Idi yana kula da ruwan nan. Da safe in ya ƙwanƙwasa bokiti a bakin siminti sai ka ga ruwa ya motsa, sun taho. Ya san manyan ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa abin dariya yake ba ni. Kifin da ba za a soya ba, me ya kawo wannan hidima?

Dole in faɗi halina a lokacin: ina da cika baki. Abokan aikina 'yan Bangaladash ne da Yamalawa biyu, mutanen Yaman, da wani Basudane, kuma ba wanda ban koya wa noma ba a cikinsu, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Ina gaya musu ciyawar da suke lallaɓawa ita ce abin da mu muke wuni a gona muna cirewa. Suka laƙaba mini Sarkin Noma, da Hausa suke faɗa. Na karɓi sarautar hannu bibbiyu (sai daga baya na gane ba naɗi ba ne, tsokana ce).

Gab da shigowar sanyi sai takarda ta zo daga baladiyya, wato hukumar gari. Mudirinmu, wato manaja, Abu Faisal, ya tara mu a bakin sito. Shi haifaffen Jidda ne, kakansa Bakano ne da ya zo hajji ya zauna, saboda haka yana jin Hausa tsaf, amma in zai mayar sai ya cakuɗa da Larabci. Ya ce an kafa ƙa'ida a kan zuba taki a duk wurin da ke da tafki, kuma namu yana ciki, domin in birka ta cika ta wani bututu take amayarwa cikin magudanar waje, ita kuma teku ta nufa. Daga yau ba takin zamani a cikin taku goma sha biyar daga bakin ruwa, can sai ruɓaɓɓen takin gargajiya, a cusa shi cikin ƙasa. Ba a zuba kowane irin taki in ana sa ran ruwan sama. Makullin sito kuma zai zauna a hannun mutum ɗaya, ya sa hannu cewa duk abin da ya fita daga ciki a wuyansa yake. Baba Idi ya sa hannu. Washegari aka jera fararen duwatsu kewaye da birka don kowa ya ga iyaka.

Na bari sai da mudiri ya tafi sannan na saki dariya.

"Baba, yanzu mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba su ne za su koya mana zuba taki?"

"Bon, saurara ɗana," in ji shi. "Taki abinci ne. In ya zauna a ƙasa, ciyawa ta ci. In ya gangara ruwa, gansakuka ta ci. Ita kuwa in ta ƙoshi sai ta rufe ruwan, ta shanye iskar da kifi ke rayuwa da ita."

"Haba Baba! A garinmu ga gona ga kududdufi, muna zuba yuriya buhu-buhu, muna kama tarwaɗa."

Bai ja da ni ba. (Abin da ban gaya masa ba shi ne kududdufin bayan gonarmu ya koma kore tun ina saurayi, kuma rabon da a kama tarwaɗa a ciki har na manta. Tsofaffi suka ce aljanun wurin ne suka yi fushi, muka yarda.)

Ƙa'idar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta ruwan sama. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san abin da nake nufi. A wurinmu in hadari ya haɗo kana da taki a ɗaki, gudu ake yi. A watsa kafin ruwa ya sauka, ya narkar da shi ya shigar da shi ƙasa, bayan mako guda masara ta yi shar. Wanda ya ga hadari ya zauna da takinsa rago ne, har matan gari sai sun ji. Wannan ba karatu ba ne, a jinina yake. Ga shi kuma ciyawar bakin birka ni ne mai kula da ita, kuma tun da aka daina ba ta yuriya ta fara koɗewa. Wata rana wata mata cikin mazauna gidajen ta tsaya ta ce ciyawar nan ba ta da lafiya, wa yake kula da ita? Na wuni maganar tana cina.

Ranar wata Talata Baba Idi zai je asibiti a yi masa aikin yanar ido. Da safe ya kira ni gefe ya miƙo mini makulli.

"Ga lakile. Ka fitar musu da tiyo da injin yankan ciyawa, ka rufe. Sauran kayan ciki ba ruwanka da su."

"Haba Baba, ka tafi kawai. Allah Ya sa a yi a sa'a."

Bayan azahar sai gari ya canza. Hadari ya taso daga wajen teku, baƙi wuluk, iska ta kawo wannan ƙamshin da ba sai an gaya wa ɗan ƙauye ko na mene ne ba. A Jidda ana daɗewa ba a ga irinsa ba. Wayoyi suka dinga ƙara da saƙon gargaɗi. Abu Faisal ya kwashe kowa zuwa bakin ƙofa a share magudanai, ni aka bar ni in tattara tiyo. Na tsaya ni kaɗai a tsakiyar koɗaɗɗiyar ciyawata, ga hadari a sama, ga makulli a aljihu.

Ina so in ce Shaiɗan ne, amma ba na jin ya sha wahala a kaina. Na buɗe sito, na jawo rabin buhun yuriya da ake ajiye wa dabinon bakin katanga, na cika roba na rungume ta a ƙugu. Taku ɗaya, watsi ɗaya. Taku ɗaya, watsi ɗaya. Wallahi tun da na bar gida ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba. Na manta da iƙama, na manta da kafili, na koma ɗan babana a gonar masara, iska na kaɗa mini riga. Na zo kan fararen duwatsu na tsallake, ko kallo ba su ishe ni ba. Na bi layi-layi har bakin siminti. Ɗigon farko ya sauka a goshina ina kakkaɓe hannu, na ce alhamdulillahi, na yi daidai da lokaci.

Abin da Sarkin Noma bai sani ba shi ne ƙasar nan ba ta shan ruwa irin tamu. Ƙasar lambun 'yar shimfiɗa ce aka zubo da mota, ƙarƙashinta tsandauri ne, kuma da gangan aka karkatar da filin ya gangara birka. Ruwan kuma ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina tsaye a rumfar motoci, ciyawa ta koma rafi, ina hango fararen ƙwayoyin nan suna tafiya a kan ruwa suna gangarawa.  Sai na ce wa kaina ai birka babba ce, za ta haɗiye. Na koma sito na ɗaure bakin buhu, na tura shi bayan sauran, na wanke roba, na kulle. Washegari Baba Idi ya dawo da bandeji a ido ɗaya, duk da likita ya ce ya huta. Na miƙa masa makulli, ya ce lafiya dai aka wuni jiya? Na ce lafiya lau, sai ruwa.

Kwana uku ba abin da ya faru, har na fara sakin jiki. A na huɗu ruwan birka ya dushe. A na shida ya koma kamar miyar kuka, da kumfa a gefe. Da muka iso da safe kifayen duk sun taso sama suna buɗe baki suna rufewa. Baba Idi ya ƙwanƙwasa bokiti, ba wanda ya zo. Ya sa aka kunna famfuna duka, ya sa aka kawo tanka biyu na sabon ruwa, bai yi amfani ba. Washegari suka fara juyowa ciki sama.

Da raga da baro muka dinga kwasa. Wari ya cika wurin, iyaye suka hana 'ya'yansu fitowa. Na ga Baba Idi ya naɗe wando ya shiga har gwiwa, da idonsa da aka ce kada ruwa ya taɓa, ya ɗauko wani babban ja da hannu biyu. Ya daɗe yana riƙe da shi. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba, ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya sa shi a baro a hankali. Ni ne nake riƙe da baron.

Abin bai tsaya a katangarmu ba. Koren ruwan ya bi bututu ya fita waje, wani ya kai ƙara, sai ga injiniya daga baladiyya, wani matashi mai tabarau. Ya ɗebi ruwa a kwalabe, ya ce zai dawo da sakamako, amma ko yanzu ya fi zargin taki. A ranar Abu Faisal ya kira Baba Idi ofis, ƙofa a buɗe, duk muna ji.

"Ya ammi, makulli a hannunka yake, sa hannu naka ne. Kafili ya ce idan ya tabbata taki ne, halas, shi ke nan, huruj niha'i. Ba ni da yadda zan yi. Gaya mini, wa ya buɗe sito?"

Huruj niha'i shi ne a buga maka fita ba dawowa. Ga dattijon da ya haura sittin, da 'ya'ya mata uku suna karatu a gida, da ido ɗaya da ba a yi wa aiki ba tukuna, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran in ji sunana.

"Lakile a hannuna yake," in ji Baba Idi. Bai ambaci sunana ba.

Nan ne wurin da ba na son faɗa. Na yi shiru. Na ji da kunnena tsohon da ya tsamo ni daga titi ya ɗauki laifina ya aza a kansa, na yi gum. Kullum in na tashi sai in ce yau zan faɗa, kullum sai in sami dalili. Ina da mata da yara huɗu. Shi ya daɗe, ƙila su tausaya masa. Ƙila ma sakamako ya fito ba taki ba ne. Don in toshe bakin zuciyata sai na zama wanda ya fi kowa ƙwazo, ni ne farkon shiga ruwa kwasar gansakuka, ni ne ƙarshen fita. Na kuma zama mai bincike. Na ce ruwan tanka ne. Na ce burodin da yara ke jefawa ne. Har na ce kifin ƙasar nan ma ba su da ƙwari. A motar da ke mayar da mu Hindawiyya kujera ɗaya muke zama da Baba Idi, kullum sai ya zaro dabino daga aljihu ya miƙo mini, ni kuma in karɓa in ci. A masallaci ne dai na kasa, na koma sahun baya.

Bayan mako guda injiniya ya dawo. Sakamako ya tabbatar, yuriya ce, kuma da yawa. Ya ce yana so ya ga ta inda ta shiga. Ya zaga birka, ya tsaya yana ƙura wa ciyawa ido, sannan ya nuna benen ɗakin taro da ke kallon ruwa ya ce a hau. Abu Faisal ya ce kowa ya biyo. Muka hau, ni a baya.

Na leƙa ƙasa. Abin da ba a gani in kana tsaye a kan ciyawa, daga sama ga shi ɓaro-ɓaro. Duk inda hannuna ya watsa, abin da ruwa bai tafi da shi ba ya kama, ciyawa ta yi kore shar a lanƙwashe, layi bayan layi, tun daga gindin dabino, ta tsallake fararen duwatsu, har bakin siminti. Tsoro ya kama ni, gaskiya ne. Amma Allah Ya yafe mini, a ƙarƙashin tsoron akwai wata murya da ke cewa kai, amma fa an iya watsi.

Injiniya ya jingina da ƙarfen bene ya fara bayani da Larabci, wanda a lokacin ina ji sarai. Ya ce da hannu aka watsa, ba da inji ba. Sannan ya girgiza kai. Ya ce wanda ya yi wannan aikin bai san noma ba ko kaɗan, bai taɓa riƙe taki ba a rayuwarsa, ya watsa shi ne yadda ake watsa wa kaji tsaba. Dubi can, in ji shi, layukan ƙarshe duk sun karkace. Ya juyo ya dubi Baba Idi.

"Ya hajj, shekara goma sha tara kana aikin nan, haka kake zuba taki?"

Baba Idi ya sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikin Yamalawa ya yi 'yar dariya. Sai na ji wata murya ta tashi da ƙarfi, da Hausa, ta cika benen. Na ɗan ɗauki lokaci kafin in gane tawa ce.

"La wallahi! Wannan ba watsin kaji ba ne! Ku duba tsakanin layi da layi, taku ɗaya ne cif, ko igiya aka ja sai haka! Layukan ƙarshe kuwa iska ce ta taso daga teku tana mayar mini da shi, shi ya sa na juya baya na bi ta gefen..."

A nan na tsaya. Hannuna na dama yana sama, a buɗe, ina nuna yadda ake wurgawa. Na hagu yana ƙugu, yana rungume da robar da babu ita. Ba wanda ya motsa. Ina jin ƙarar famfon birka daga ƙasa.

"Yalla, ƙarasa," in ji Abu Faisal a hankali. "Ka juya baya, sai me?"

Injiniya ya tambaya me mutumin nan yake cewa. Abu Faisal ya fassara masa kalma bayan kalma, bai rage komai ba, har igiyar da na ce an ja. 'Yan Bangaladash suka duƙufa kallon takalmansu. Basudanen ya juya baya kafaɗunsa na rawa, ban sani ba ko dariya ce ko takaici. Ni kuwa na rasa yadda zan sauke hannuna, domin duk yadda na sauke shi kowa zai gani. Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba, na so benen ya rufta da ni ni kaɗai.

Abu Faisal ya matso kusa da ni. "Mako guda tsohon nan yana ɗauke da kayanka. Aib, ya akhi. Wallahi aib."  Baba Idi ko kallona bai yi ba, ruwa yake kallo.

Na kwana da shirin tafiya gida, har na fara tunanin abin da zan gaya wa matata. Ashe da la'asar ɗin ranar Baba Idi ya koma ofis ya zauna, ya ƙi tashi. Ban san me ya faɗa ba, bai taɓa gaya mini ba. Abin da ya fito dai shi ne ba a kore ni ba. Aka ba ni takardar gargaɗi na sa hannu, aka ce ni zan wanke birka in an zuƙe ruwan. Shi kuwa, tunda ya ba da makullin da bai kamata ya bayar ba, aka karɓe shi aka ba Basudanen, tare da shugabancin. Bayan shekara goma sha tara Baba Idi ya koma jan tiyo tare da mu, yana karɓar umarni daga mutumin da shi ya koya wa aiki.

Mako uku na yi a cikin ramin nan da buroshi da shebur, ina kankare koren laka, rana na dukana. Na sami lokacin tunani fiye da yadda nake so. An ce za a kori tsohon, na iya yin shiru. Na ci dabinonsa kwana bakwai ban shaƙe ba. Amma da wani matashi mai tabarau ya ce ban iya watsa taki ba, ko numfashi biyu ban iya daurewa ba. Tunanin nan ya fi warin laka damuna.

Wata rana ya sauko ramin ya kawo mini ruwan sha. Na durƙusa a cikin laka na ce ya yafe mini.

"Tashi ɗana, ka ɓata wando. Ai tun ranar da na dawo na sani."

"Ta yaya, Baba?"

"Buhun da ka tura baya. A nan kowa ninke bakin yake ya ɗora dutse. Kai ka murɗe shi ka yi masa ɗauri irin na mutanen gida. Ko da ido ɗaya na gane."

"To me ya hana ka faɗa?"

Ya dubi bangon birka. "Ni na je na ce a ɗauke ka. Ban ga yadda zan koma in ce a kore ka ba. Na yafe maka duniya da lahira." Ya karɓi gorarsa, ya juya zai hau, sai ya tsaya. "Sai dai na so a ce saboda ni ka yi magana a benen nan."

Da zagina ya yi, ko marina, da na fi samun sauƙi.

An sake cika birka, an zuba sababbin kifaye ƙanana. Ciyawar cikin duwatsu har yau ba ta kai ta waje kore ba, kuma na daina jin haushin haka, ruwan dai garau yake. Baba Idi ya ƙara shekara biyu yana jan tiyo, aka yi masa aikin ɗaya idon, sannan ya koma Damagaram don kansa. Shugabancin bai dawo masa ba. In aka kawo sabon ma'aikaci ni ake turawa in karanta masa ƙa'idar taki, kuma ina karantawa da zuciya ɗaya, domin ba wanda ya fi ni sanin gaskiyarta.

Mutane in sun ji labarin sukan ce to ai ka koyi darasi, ba a zuba taki a bakin ruwa. Haka ne, na koya, bayan an tura kifi baro-baro. Amma babban abin da na koya a kan kaina ne, kuma ba mai daɗi ba ne. Na daɗe ina zaton in rana ta ɓaci tsoron Allah ne zai buɗe mini baki, ko kunyar wanda ya yi mini alheri. Ashe ba can gaskiyata take ajiye ba. Ina roƙon Allah Ya gyara ni, ina kuma ƙoƙari. Amma kafin nan, in ka taɓa zargina da wata ɓarna, kada ka wahalar da kanka wajen rantsar da ni. Ka dubi aikin kawai ka ce wanda ya yi shi bai iya ba, sannan ka ja kujera ka zauna.